LAIFIN YAƘI: DAGA BAKIN MAWAƘI ZUWA GABAN ALƘALI

GABATARWA

Hausawa kan ce yaƙi ɗan zamba ne. Ma'anar wannan karin magana a fili take, watau wanda ya fita fagen fama bai yi wa abokin gabansa alkawarin faɗa masa gaskiya ba. Yana iya yi masa kwanton ɓauna, yana iya nuna kamar ya gudu don ya jawo shi cikin tarko, yana iya barin wuta tana ci a sansani alhali shi ya zagaya ta baya. Duk wannan dabara ce, har yabon mai ita ake yi. To, amma mutanen da suka ƙagi wannan magana ba su taɓa yabon wanda ya ba da amana sa'an nan ya ci ta ba, ko wanda ya sare ɗan aike, ko wanda ya soki mutumin da ya yar da makami ya durƙusa. Ashe ke nan ko a cikin zambar ma akwai haddi. Dokar yaƙi ta zamani ita ma a nan ta tsaya, domin ƙarin da aka yi wa yarjejeniyoyin Janeba a 1977 ya halatta yaudarar dabara, ya haramta yaudarar da ake yi da tutar sulhu, ko da alamar masu jinya, ko da ƙaryar miƙa wuya.

Wannan haddi shi ne abin da wannan maƙala za ta duba. Mai karatu zai ga cewa jerin ayyukan da ake ƙyama a yaƙi tsoho ne ƙwarai, bai sake da yawa ba tun zamanin da ake rera labarin yaƙi da baka. Abin da aka yi shekaru dubbai ana ja-in-ja a kansa abu biyu ne: wane ne haddin ya kare, kuma wane ne yake da ikon tuhumar wanda ya ƙetare shi, musamman idan shi ne ya ci nasara.

GAWAR HEKTA

Iliyad doguwar waƙar jarumta ce ta Girkawa, mai baiti fiye da 15,000 cikin babi 24, wadda ake jingina wa mawaƙi Homa na wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Labarinta 'yan makonni ne kawai daga cikin shekara ta goma ta ƙawanyar da Girkawa suka yi wa birnin Tiroyi. Jarumin Girkawa shi ne Akilis, na mutanen birni kuwa Hekta ɗan Sarki Firiyam.

Sa'ad da Hekta ya kashe Fatirokilus, aminin Akilis, sai Akilis ya fita hayyacinsa. Ya riski Likawon, wani ɗan Firiyam, a bakin kogi ba garkuwa ba mashi, yaron ya rungumi gwiwoyinsa yana roƙon rai, ya tuna masa cewa ya taɓa kama shi ya sayar, ya ci abincinsa. Akilis ya sare shi ya jefa a ruwa. Ya kama samari 12 da rai, ya ajiye su, daga baya ya yanka su a kan itacen ƙona gawar amininsa. Da ya kashe Hekta kansa, sai ya huda masa agara, ya zura igiyar fata, ya ɗaure a bayan karusarsa, ya ja shi cikin ƙura iyayensa suna kallo daga kan ganuwa. Bai tsaya nan ba, kullum gari ya waye sai ya sake jan gawar ya kewaya kabarin Fatirokilus da ita.

Abin lura shi ne wurin da waƙar ta ce ya isa. Kisan Likawon ya wuce ba wanda ya tuhumi Akilis. A wani babi na farko-farko ma, da wani Batiroye ya roƙi Menelawus ya karɓi fansa ya bar shi da rai, Agamemnon, shugaban rundunar, ya tsawata wa ɗan'uwansa, ya ce kada a bar ko ɗan tayin da ke cikin ciki, kuma mawaƙin ya nuna shawararsa ta dace. Amma wulaƙanta gawa ya tayar da allolin da Girkawa suke bauta wa. Bayan kwana 12 Afolo ya miƙe a taronsu ya ce Akilis ya rasa tausayi ya rasa kunya, aka aika masa da umurni ya saki gawar. Tsoho Firiyam ya shigo sansanin maƙiyansa da dare, ya sumbaci hannun da ya kashe 'ya'yansa, su biyun suka yi kuka, suka ci abinci tare, Akilis ya ba shi gawar da kwana 11 na tsagaita yaƙi don jana'iza. A kan wannan jana'iza waƙar ta ƙare, tun kafin a ci birnin.

Sai dai kuma duk rikicin Iliyad a kan rabon mata kamammu ya faro. Agamemnon ya ƙi karɓar fansar wata yarinya daga ubanta, annoba ta faɗa wa rundunar, da aka tilasta masa ya mayar da ita sai ya ƙwace Birisayis, rabon Akilis. Ita wannan Birisayis, Akilis ne ya kashe mijinta ya ci garinsu, amma ba mai ganin an yi mata laifi, wanda aka zalunta a idon kowa shi ne Akilis da aka taɓa masa ganima. Annobar ma ba don yarinyar ta zo ba, ta zo ne don ubanta mai hidimar Afolo ne kuma an ci masa mutunci. Haka yake a labarin Kasandara 'yar Firiyam, wanda ya zo a waɗansu ruwayoyi da ba na Iliyad ba: an fizgo ta daga ɗakin bautar Atina, Atina ta farfasa jiragen Girkawa a hanyarsu ta komawa gida, amma abin da ya fusata ta shi ne keta alfarmar ɗakinta. Haddin Girkawa na dauri yana kare abin da alloli suke da rabo a ciki, watau gawa da ɗakin bauta da manzo da rantsuwa. Mace da yaro da bawa suna wajensa.

KWANA GOMA SHA TAKWAS A KURUKSHETRA

Idan Iliyad ta nuna haddi ta hanyar kunya, Mahabarata ta Indiya ta zayyana shi ne kamar doka. Ita ce ɗaya daga cikin mafi tsawon waƙoƙin duniya, baitinta ya kai wajen 100,000 cikin littafi 18. Yaƙi ne na 'yan maza zar a kan gadon sarauta: Fandawa su biyar, da 'yan'uwansu Kaurawa su ɗari. (Sunan ba shi da wata dangantaka da sarautar Kaura ta ƙasar Hausa, kamanni ne kawai na lafazi, ko da yake ya dace da masu shi.)

Kafin a ja daga a filin Kurukshetra, ɓangarorin biyu sun zauna sun yi yarjejeniya. Mai karusa da mai karusa zai kara, mai giwa da mai giwa, dakare da dakare. Ba za a bugi wanda makaminsa ya faɗi ba, ko wanda ya juya baya, ko wanda ya nemi mafaka, ko wanda yake fafatawa da wani. Ba za a taɓa mai tuƙa karusa ba, ko makaɗi, ko mabushi, ko mai ɗauko makamai. Wanda ya karanta wannan jeri ya ajiye shi kusa da dokokin ƙarni na 20 zai yi mamakin kusancinsu.

Kwana 18 aka yi ana yaƙin, kuma kusan ba dokar da ta kai ƙarshensa da rai. Ran kwana na 10 aka kayar da Bishma, dattijon gidan kuma sarkin yaƙin Kaurawa, ta hanyar sa Shikandi a gaba, don an san Bishma ba zai ɗaga masa makami ba tun da mace aka haife shi, Arjuna ya yi ta harbi daga bayansa. Ran kwana na 13 manyan baraden Kaurawa shida suka yi wa Abimanyu, matashin ɗan Arjuna, taron dangi, suka karya bakansa suka kashe dawakinsa, har ya koma kare kansa da ƙafar karusa. Daga nan sai ramuwar gayya, wadda aka ce ta fi gayya zafi. Dorona, malamin da ya koya wa ɓangarorin biyu harbi, ba mai iya kayar da shi, sai aka kashe wata giwa mai sunan ɗansa, Ashwatama, aka shelanta cewa Ashwatama ya mutu. Dorona ya tambayi Yudishtira, babban Fandawa, don an san shi bai taɓa ƙarya ba. Yudishtira ya tabbatar, ya ambaci giwar ƙasa-ƙasa yadda tsohon ba zai ji ba. Dorona ya ajiye makami ya zauna, aka fille masa kai. Waƙar ta ce karusar Yudishtira, wadda a da take tafiya yatsa huɗu sama da ƙasa saboda gaskiyarsa, nan take ta sauko ta taɓa turɓaya.

Ran kwana na 17 ƙafar karusar Karna ta kafe, ya sauko yana ƙoƙarin ɗago ta, ya roƙi Arjuna ya dakata kamar yadda doka ta ce. Kirishna, wanda yake tuƙa Arjuna, ya tambaye shi ina dokar take ran da aka wulaƙanta matar Fandawa a bainar jama'a, ina take ran da aka kashe Abimanyu, ya ce wa Arjuna ya harba. Wannan hujja, watau kai ma ka yi, mai karatu zai sake gamuwa da ita a kotun 1946. A rana ta ƙarshe Bima ya karya cinyoyin Duryodana da kulki, alhali dokar faɗan kulki ta hana duka ƙasa da cibiya.

Fandawa su ne ɓangaren gaskiya a labarin, su aka zalunta aka kora daji, amma mawaƙin bai rufa musu asiri ba. Duryodana yana kwance cikin jini ya lissafa wa Kirishna zambar da aka yi ɗaya bayan ɗaya, furanni suka zubo masa daga sama, masu nasara suka sunkuyar da kai, Kirishna ya amsa cewa da an bi ƙa'ida da ba a ci waɗannan mutane ba. A daren nan Ashwatama ya ga mujiya tana kashe hankaki masu barci a kan itace, ya ɗauki darasi, ya shiga sansanin Fandawa ya karkashe mutane a kan shimfiɗunsu, har da 'ya'yansu biyar, daga baya ya auna makaminsa ga ɗan tayin da ke cikin matar Abimanyu. Shi aka yi wa hukunci mai tsanani, aka la'ance shi ya yi ta yawo shekara 3,000 cikin miki da wari, ba mai kusantarsa. Shi na ɓangaren da aka ci ne. Amma Yudishtira ma bai tsira ba, don a littafi na ƙarshe sai da aka nuna masa wuta na ɗan lokaci saboda ƙaryar giwa. A nan mawaƙin Indiya ya yi abin da kotuna da yawa suka kasa bayansa, ya rubuta laifin mai nasara a shafi ɗaya da na wanda aka ci.

DAGA KUNYA ZUWA RUBUTACCEN HUKUNCI

La'anar alloli ba ta hana kowa komai ba a zahiri. A shekara ta 416 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Atens, masu haddace Homa, suka ci tsibirin Melos, suka kashe duk namiji baligi, suka bautar da mata da yara, don kawai tsibirin ya ƙi shiga ƙarƙashinsu.

Fiƙihun Musulunci yana cikin na farko da suka mayar da haddin hukunci mai babi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ɗaliban ilmi suka sani sarai, akwai wasiyyar Halifa Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan sa'ad da zai ja runduna zuwa Sham: ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rusa gine-gine da yanka dabba sai don ci, ya ce a ƙyale masu ibada da suka keɓe kansu. An haramta yanyanka gawa. Amanar da Musulmi ɗaya ya ba abokin gaba, ko da mace ce ta bayar, ta hau kan rundunar duka. Kuma da Halidu ɗan Walidu ya kashe kamammu daga Banu Jazima a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya barranta daga aikin a fili, ya aiki Aliyu ya biya diyya. Muhimmancin wannan ƙissa shi ne laifin na babban jarumin gida ne, kuma daga gida aka ambace shi. Muhammadu Shaibani, wanda ya rasu a 805, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littattafansa na Siyar. Duk da haka bautar da kamammun yaƙi ta ci gaba da zama halas a dokokin wancan zamani, gabas da yamma.

A Turai ka'idar barade barade take karewa. Mai sulke idan an kama shi fansa ake nema, dakaren ƙauye kuwa a yanka. Taron manyan cocin Rum na 1139 ya haramta harbi da wani irin baka mai huda sulke, amma a kan Kirista kaɗai. A 1474 alƙalai 28 suka zauna a garin Breisach suka yanke wa Peter von Hagenbach hukuncin kisa saboda kashe-kashe da fyaɗe da aka yi a ƙarƙashin mulkinsa. Ya ce umurnin ubangidansa ya bi, ba a karɓa ba, aka sare shi.

Rubutacciyar doka ta zamani a ƙarni na 19 ta tsiro. Henri Dunant ya ga filin Solferino a 1859, inda matattu da raunana suka kai wajen 40,000, ya rubuta abin da ya gani, daga nan aka sami ƙungiyar agaji ta Red Cross a 1863 da yarjejeniyar Janeba ta farko a 1864. A 1863 ɗin kuma Shugaba Lincoln ya ba sojojin Amurka dokar da Francis Lieber ya tsara, mai sashe 157.

SHEKARAR 1899

Daga 18 ga Mayu zuwa 29 ga Yuli 1899 wakilan ƙasashe 26 suka zauna a birnin Heg na Holan, bisa gayyatar Sarkin Rasha. Suka haramta kashe wanda ya ajiye makami, da shelanta cewa ba za a bar kowa da rai ba, da kai hari garin da ba mai tsaronsa, da wasoso. Ba wakilin Afirka ko ɗaya a zauren, kuma an rubuta a fili cewa dokar tsakanin waɗanda suka sa hannu kaɗai take aiki. Da aka zo batun harsashin damdam mai buɗewa a cikin jiki, wakilin sojan Ingila, Sir John Ardagh, ya nemi a bar shi, hujjarsa ita ce harsashi na kullum ba ya tsayar da mutanen da ya kira 'yan daji.

A cikin waɗannan watanni, wata rundunar Faransa a ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine tana ratsa ƙasar Hausa daga kogin Kwara za ta tafkin Chadi. Sun ƙone garuruwa, sun rataye mutane, sun kwashi mata da 'yan dako a ɗaure. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu, watan da aka buɗe taron Heg, suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yanzu ba a manta ba. Wani hafsa mai suna Peteau, wanda aka sallama daga rundunar, ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta kai ga hukuma a Faris, aka aiki Kanar Klobb ya karɓe ragamar. Klobb bai sha wahalar bin sawu ba, toka da gawarwaki su suka yi masa jagora. Ran 14 ga Yuli ya riske su kusa da Ɗankori, Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku sojojinsu baƙar fata suka kashe kyaftin ɗin biyu.

Abin da ya girgiza Faransa shi ne hafsa ya harbe na gaba da shi. Binciken da aka yi ya jingina al'amarin ga taɓin hankali da zafin ƙasa kan jawo, ba wanda aka gurfanar saboda mutanen Ƙonni, sauran rundunar kuma ta ci gaba ta ci Damagaram a ƙarshen watan. Haka aka yi wa Herero a hannun Jamusawa a 1904, haka aka shafe Satiru kusa da Sakkwato a 1906. Ayyukan nan duka suna cikin jerin da aka haramta a Heg, sai dai waɗanda aka yi wa su suna wajen haddin, a inda Birisayis ta tsaya.

LAIFI TUDU NE

Bayan Yaƙin Duniya na Farko, masu nasara sun ba da sunan Jamusawa wajen 900, aka bar wa Jamus ta yi shari'ar da kanta a Leipzig a 1921, aka ƙare da gurfanar da 12. Biyu da aka ɗaure shekara huɗu-huɗu saboda harbin waɗanda suka tsira daga jirgin asibiti na Llandovery Castle, ba su daɗe ba suka tsere daga kurkuku. Wannan ya sa a 1945 masu nasara suka riƙe shari'ar a hannunsu.

Kotun Nurembag ta zauna daga Nuwamba 1945 zuwa Oktoba 1946, ta yi wa manyan 'yan Nazi 22 shari'a, ta yanke wa 12 kisa, ta ɗaure 7, ta sallami 3. Ta kafa abubuwan da suka zauna daram: mutum ne yake aikata laifi, ba a fakewa da sunan ƙasa, muƙami ba ya karewa, bin umurni ba ya wankewa, sai dai ya sassauta hukunci. Ta kuma rarrabe laifin yaƙi daga laifin tayar da yaƙi da laifin cin zarafin bil'adama. Waɗanda aka hukunta sun cancanci abin da ya same su, wannan ba abin musu ba ne ga wanda ya san an hallaka Yahudawa miliyan 6.

To, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. An sa hannu a kan takardar kafa kotun a London ran 8 ga Agusta 1945, kwana biyu bayan Hiroshima, kwana ɗaya kafin Nagasaki. A daren 9 ga Maris na shekarar wutar da jiragen Amurka suka zuba wa Tokyo ta ci mutum wajen 100,000. Ba a hukunta kowa a Nurembag saboda ruwan bama-bamai a kan birane daga sama ba, don kowa ya yi. Masu gabatar da ƙara na Tarayyar Sobiyat sun so su ɗora wa Jamusawa kisan Katin na 1940, inda aka harbe 'yan Folan wajen 22,000, alhali hukumarsu ce ta yi, kuma sai a 1990 Mosko ta amsa. Da aka tuhumi Dönitz, shugaban sojan ruwan Jamus, da nutsar da jiragen fatake ba gargaɗi, lauyansa ya kawo rubutacciyar shaidar Nimitz na Amurka cewa haka su ma suka yi a tekun Fasifik, kotu ba ta lissafa wannan a cikin hukuncinsa ba. Hujjar Kirishna ga Karna ke nan ta dawo, wannan karon a bakin wanda aka ci.

INDA MAGANAR TA KAI

Yarjejeniyoyin Janeba huɗu na 12 ga Agusta 1949, waɗanda ƙasashe 196 suka shiga, sun rufe ƙofar da aka bari a buɗe a Heg. Sun kare raunana da fursunonin yaƙi da farar hula ba tare da duban launi ko addini ba, kuma sashe na 3 na kowace ya shafi yaƙin basasa. A 1995 kotun Yugoslabiya ta yanke cewa ana iya hukunta mutum da laifin yaƙi ko da a cikin ƙasarsa ya aikata shi.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yawaita a bakin jama'a. Ba kowane kisa na yaƙi ne laifin yaƙi ba. Soja yana iya kashe sojan abokan gaba ko yana barci, ko da kuwa ƙasarsa ce ta tsokano faɗan, don laifin tsokana na shugabanni ne. Saboda haka harin dare irin na Ashwatama a kan mayaƙa ba laifi ba ne a dokar yau, abin da zai kama shi shi ne ɗan tayin. Mutuwar farar hula ma ba ita kaɗai ke tabbatar da laifi ba. Sai an nuna cewa su aka nufa, ko an yi harbi ba a bambance ba, ko kuma kwamandan ya san hasarar rayukansu za ta zarce amfanin soja da yake tsammani. Shari'a saɓanin hankali. Wanda ya soki fursuna guda da wuƙa laifinsa a fili yake, wanda ya hallaka ɗari daga sama kuwa sai an binciko abin da ya sani a lokacin da ya ba da umurni, kuma takardun da za su nuna hakan suna hannun gwamnatinsa. Wannan rauni ne na gaske, kuma mai jiragen sama yake yi wa amfani.

Duk da haka haddin ya faɗaɗa. Ƙa'idojin Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, wadda aka amince da ita a Rum a 1998 ta fara aiki a 2002, sun sa wulaƙanta gawa cikin laifin keta mutunci. A 2012 ta ɗaure Thomas Lubanga na Kwango shekara 14 saboda sa yara 'yan ƙasa da shekara 15 cikin yaƙi. A 2016 ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 saboda rusa hubbaren waliyyai tara da ƙofar masallacin Sidi Yahya a Tambutu. Al'amarin mata shi ya fi daɗewa a baya. Takardar kafa kotun Nurembag ko ambaton fyaɗe ba ta yi ba. Sai a 1998 kotun Ruwanda ta ce yana iya zama hanyar kisan ƙare dangi, sai a 2001 kotun Yugoslabiya ta ɗaure Dragoljub Kunarac shekara 28 saboda fyaɗe da bautar da matan garin Foca. Tsakanin wannan hukunci da waƙar da ta ɗauki Birisayis a matsayin rabon ganima akwai shekara wajen 2,700.

Tambaya ta biyu, ta alƙali, ita ce ba ta warwaru ba. Ran 16 ga Maris 1968 sojojin Amurka suka kashe mutanen ƙauyen My Lai a Biyetnam, 347 a lissafin sojan Amurka, 504 a lissafin Biyetnam. Mutum ɗaya aka samu da laifi, Laftanar William Calley, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1971, ya yi wajen shekara uku da rabi a tsare a gida aka sake shi. Matuƙin jirgin da ya sauka tsakanin sojojin da mutanen ƙauye ya cece su, Hugh Thompson, sai a 1998 aka ba shi lambar yabo. Kotun Duniya kuwa ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Isra'ila ba su shige ta ba, kuma daga 2002 zuwa 2024 duk waɗanda ta samu da laifin yaƙi 'yan Afirka ne.

Ta gwada miƙa hannu sama. A 2009 ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir na Sudan, ya je Afirka ta Kudu a 2015 ya dawo gida lafiya. A Maris 2023 ta ba da na Vladimir Putin bisa zargin kwashe yara daga Yukren, a Nuwamba 2024 ta ba da na Benjamin Netanyahu da Yoav Gallant bisa zarge-zargen da suka haɗa da amfani da yunwa a matsayin makami a Gaza. Putin ya ziyarci Mongoliya, wadda take cikin kotun, a Satumba 2024, aka tarye shi da faretin girmamawa. Kotun ta rubuta cewa Mongoliya ta saɓa alkawarinta, ta miƙa maganar ga taron ƙasashen da suka kafa ta. Netanyahu ya sauka a Hangari a Afrilu 2025, kuma a ranar gwamnatin ƙasar ta ba da sanarwar za ta fice daga kotun.